Ranar da Inji Ya Fara Kuka

Sunana Sailuba. A makaranta ana ƙara Ya'u a bayansa, kuma a daminar 1956 an yi wani lokaci da ban san ko ina da ikon amsa wannan suna na biyu ba. Zan ba ku labarin yadda ya faru, ba ƙari.

A garin Lafiya na wancan zamani ba a rubuta ranar haihuwa. Ɗaura ta ake yi a jikin wani abu da kowa ya gani. Wannan shekarar fara aka haife shi, wancan shekarar da aka yi agana. Mutuwa ma haka. Mahaifina Ya'u lebura ne a aikin hanya. Maciji ya sare shi suna zuba kankaren wani kwalbati a hanyar Bukan Sidi, bayan ƙaramar salla da kaɗan. Kafin simintin ya bushe helumansu ya sa kara ya zana 1937 a jikinsa. Duk mai wucewa yana iya karantawa.

Ni kuma a jikin inji aka ɗaura ni. Kakata ta wajen uwa, Iyatu, ita ta karɓi haihuwata, kuma maganarta kullum ɗaya ce: "Ranar da inji ya fara kuka a bariki, ranar kika fara naki." Injin yankan ciyawa na gidan Di'o take nufi, wanda har cikin gari ake jin ƙararsa in iska ta juyo. Farkon damina ne, watanni kaɗan bayan rasuwar mahaifina. Haka na sani, haka kowa ya sani. Mahaifiyata Indo ta rasu ban yi wayo ba, sai yayan mahaifina, Baffa Ɗanmusa, ya ɗauke ni. Bai taɓa kirana Sailuba ba. "Ta Ya'u" yake cewa, ko da ruwan alwala zai aike ni.

Babandi, mai neman aurena, makaniki ne a yadin gyaran motoci na bariki. Da rana yana cikin kakin da ya sha baƙin mai, da yamma ya sa farar riga da hula, amma ƙarƙashin farcensa ba ya taɓa fita. Ba ya aiko kowa kirana. In ya iso ƙofar gida sai ya kaɗa ƙararrawar kekensa, ni kuma in ɗaura kallabi in fito zaure. Iyayensa sun riga sun kawo goro da gishirin Awe. An tsayar da magana sai an cire doya.

Wata Laraba ya zo yana dariya tun kafin ya jingine keken.

"Malama, ashe cin zalina kike yi."

Yana ce mini Malama saboda ina koya wa 'yan aji ɗaya karatu a makarantar 'yan mata.

"Me na ci maka?"

"Shekara guda cur. Yau aka kira ni in duba yayanki na bariki, ya ƙi tashi. Na buɗe murfi, na ga an buga a jikin ƙarfen da ke juyawa: uku, sai talatin da tara. Watan uku na 1939 aka ƙera shi. Abin da ba a ƙera ba ai ba ya kuka. Ashe sha bakwai gare ki, kike zuwa mini da sha takwas."

Na ce, "To sai ka jira in girma."

Muka yi dariya. Na kawo masa gyaɗa dafaffiya, ya ci, ya tafi. Masu karatu, ni da nake koya wa yara ɗebewa da tarawa, ban yi lissafin ba. Shi ma bai yi ba. Ya je gida ya maimaita wasan a gaban mahaifiyarsa, ita ce ta yi. Ba ta san baƙi ko ɗaya ba, amma ta san shekarar kwalbati, ta kuma san ciki wata tara ne.

Ba wanda ya zo ya faɗa mini. Abubuwa ne suka riƙa raguwa. Ƙararrawa ta daina kaɗawa. 'Yan matan da muke zuwa rafi tare suka fara fita kafin in shirya. A kasuwa mai manja ta auna mini ba ta tambayi lafiyar gida ba, ta tsaya tana duban goshina da hancina kamar tana neman wani a ciki. Mahaifiyar Babandi ta aiko wa Baffa cewa ba wai sun fasa ba, a dai dakata, don suna so su san wa ya kamata ya ba da auren. Wannan ita ce maganar. In ba 'yar Ya'u ba ce ni, Baffa ba waliyyina ba ne, gidansa ba gidanmu ba ne, kuma matar da ke kwance a maƙabarta ba ta da bakin kare kanta.

Baffa bai yi faɗa ba. Da safe ya zauna a kan buzunsa ya ɗaga buta ya ce, "Ke, kawo ruwa."

Na kawo. Tun daga ranar "ke" na koma.

Matarsa, Inna Jumai, ta so ta taimaka. Ta same ni ina tsince riɗi a faifai, ta zauna kusa da ni, ta rage murya.

"Sailuba, abin nan yana da mafita. Sai a ce kwantacce ne."

Kwantacce shi ne cikin da ake cewa ya kwanta ya yi barci a jikin mace, shekara ko fiye, kafin ya motsa.

"Inna, ke kin ga Indo da cikina?"

"Lokacin ba a kawo ni gidan nan ba."

"To in aka ce kwantacce, wa zai yarda?"

"Ba a buƙatar a yarda, 'yar nan. A dai samu abin faɗa."

Na gode mata. Na ci gaba da tsintar riɗin duk da ba sauran tsakuwa a ciki. Kaka Iyatu kuwa ba wanda ya je ya tambaye ta. Uwar Indo ce, in ji su, me za ta ce in ba ta rufa wa 'yarta asiri ba.

Ina kwana ɗaki ɗaya da tukwanen Inna da buhunan dawa. A kwanakin nan na san kowace tsaga ta bangon. In na dawo daga makaranta sai in cire atamfata mai ruwan ganye, wadda Babandi ya ce ta fi yi mini kyau, in ninke ta in sa a ƙasan akwati, in ɗaura tsohon zane. Keken kowa ya wuce a layi sai kunnena ya tashi. Na mai kananzir ma na gane ƙararsa.

Ranar Asabar da hantsi na yafa gyale na ce wa Inna zan je duba Kaka. Na bi ta bariki.

Ban taɓa shiga harabar gidan Di'o ba. Ciyawa ce shimfiɗe kamar tabarma, gefe guda an yanke, gefe guda ta yi tsawo tun da injin ya lalace. A ƙarƙashin wani mangwaro na ga gadina, mai kula da lambun, wani dattijon Tibi mai suna Akaa, yana wasa adda.

"Malama, kai yana neman wa? Oga ya tafi rangadi, madam ma ya bi shi."

"Inji nake nema, Baba."

Ya dube ni sosai. Labari ya riga ni zuwa.

"Kai ne yarinyan?"

"Ni ce."

"Zo. Mijinka ma yana can, yana fama da shi."

"Ba mijina ba ne."

"To, makanikinka."

A wata rumfar kwano bayan kicin na same su, shi da injin. Babandi yana tsugune da sifana a hannu. Da ya gan ni ya miƙe da sauri har ya buga kai a katako. Ya rame, ko kuwa haka na so in gani.

"Sailuba. Wallahi ina nan zuwa. Innata ce ta ce in ɗan..."

"Ba wajenka na zo ba. Nuna mini inda aka rubuta."

Karo na farko ke nan da na ga abin da aka ɗaura ni a jikinsa. Bai kai yadda nake zato girma ba. Hannaye biyu dogaye na turawa, gangar ƙarfe a baya da yake birgima a kanta, wuƙaƙe murɗaɗɗu a gaba. Duk wannan kore ne, fenti a kan fenti. A tsakiya, kan wani faranti na ƙarfe, injin yake zaune, baƙi, da ɗan tankin mai a kansa.

Babandi ya nuna mini da yatsa. Lambobin ƙanana ne amma a fili suke: 3-39. Na karanta, na sake karantawa. Ba su canza ba.

Na tambayi Akaa ko ya san lokacin da aka kawo shi.

"Ni lokacin yaƙi na zo, na same shi a nan. Shi tsoho ne kamar ni. Amma ni ba a buga mini lamba ba, shi ya sa ba wanda ya kore ni."

Ya yi dariya shi kaɗai, ya ga ba mu yi ba, ya koma wasa addarsa a bakin rumfa.

Ban san abin da nake nema ba. Na tsuguna ne kawai don ƙafafuna sun gaji. Daga nan ƙasa na ga farantin da injin yake kai. Notuna huɗu ne suka riƙe injin. Kusa da kowannensu akwai wani rami, babu komai a ciki sai tsatsa da busasshiyar ciyawa.

"Waɗannan ramukan na mene ne?"

"Waɗanne?"

"Ga su. Duk noti da raminsa, ga kuma wasu ba komai a ciki."

Ya durƙusa. Ya sa tsinke ya sosa ɗaya, ya sosa wanda notin yake ciki. Sannan ya ɗago kai.

"Waɗannan da babu komai daga can aka huda su, dubi yadda bakinsu yake sumul. Waɗanda injin yake kai kuwa a nan aka huda, da hannu. Sun ma karkace."

"Ma'ana?"

"Ma'ana ba wannan injin ne ya zo da shi ba. An taɓa sauke wani, aka ɗora wannan."

"Kuma shi jikin ba shi da tasa shekarar?"

"Yana da ita. Masu ƙera jiki daban, masu ƙera inji daban, kowa yana buga tasa." Ya ajiye tsinken. "Ni injin aka ce in gyara. Shi kaɗai na duba."

Muka shiga nema. Ya duba ƙarƙashin hannayen, ya duba gefen ganga, ya karkata shi Akaa ya riƙe masa. A gefen hagu, ƙasa da inda sarƙa take wucewa, yatsana ya ji wani wuri da ya ɗan taso a ƙarƙashin fenti, faɗinsa bai fi akwatin ashana ba. Babandi ya kawo wuƙa zai kankare, na karɓa. Koren sama ya fita, wani kore mai duhu ya fito, shi ma ya fita. Sai jan ƙarfe. Na tofa yawu na goge da bakin gyalena.

Sunan masu ƙerawa, wata doguwar lamba, sai a ƙasa: 10-37.

Babandi ya yi kabbara har tsuntsaye suka tashi daga mangwaron.

"Watan goma na 1937! Kin gani? A sa shi a jirgin ruwa, a sa shi a jirgin ƙasa, ya iso nan da rani, ya jira ciyawa ta fito. Farkon daminar 38. Daidai! Sailuba, daidai!"

Akaa ya leƙo ya ce, "To, yarinya ya samu babansa."

Na zauna a kan wani tsohon galan. Ya kamata in yi murna, na sani. Amma ni Malamar lissafi ce, kuma sau ɗaya na yi sakaci na ga abin da ya jawo.

"Babandi, Kaka cewa ta yi ranar da inji ya fara kuka. Yanzu inji biyu ne. Na farko ya fara nasa kukan, wannan ma da aka ɗora shi ya fara nasa. Wanne take nufi?"

Murmushinsa ya tsaya. Ya waiwaya ya ga ko Akaa yana ji.

"Kada ki faɗi wannan a gaban kowa. Talatin da bakwai ta isa. Yanzu zan je in kira Baffa da kawuna su zo su gani da idonsu. Innata ba ta da ta cewa kuma."

"Da mun kankare mun ga talatin da tara a nan ma fa?"

"Ai ba mu gani ba."

"Da mun gani."

Ya ɗauki tsumma ya fara goge hannunsa, yatsa bayan yatsa. Na ba shi lokaci. Ya goge na dama, ya koma na hagu. Can cikin gari wani yana sara itace, ina jin kowane sara.

Na miƙe na gyara gyalena. Na yi wa Akaa godiya, na fita.

Hanyar Bukan Sidi ta yi laka. Da na iso kwalbatin na tsaya. Ruwa ja yana wucewa a ƙarƙashinsa, ciyawa ta rufe rabin rubutun, bakwai ɗin kawai ake gani sosai. Ban san fuskar mahaifina ba. Abin da na sani nasa ke nan, lamba huɗu da wani ya zana da kara.

Na sami Kaka Iyatu a ƙofar ɗakinta tana ɓare gyaɗa. Idonta ya yi rauni, amma ta san takuna.

"'Yar Indo, ke kaɗai? Ina mai keken?"

Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta na gaya mata duka, har ramukan da jan ƙarfen. Ta saurara tana ɓara. Da na zo kan tambayar inji biyu sai ta ajiye ƙwaryar.

"Ni ban san inji biyu ba. Ban ma taɓa ganin ko ɗaya ba."

"Ba ki taɓa gani ba, Kaka?"

"Ina na ga ta kallo? Ranar ai garin nan ya watse. An ce Bature ya kawo wani abu mai cin ciyawa ba ya kashi, yana tafiya yana gurnani. Maza, mata, yara, har makaho sai da aka ja shi. Uwarki ta fara naƙuda da hantsi, na fita neman wadda za ta kama mini, na bi gida gida, ba kowa sai awaki. Ungozoma ma tana can. Ni na ɗebo ruwa, ni na hura wuta, ni na yanke cibiyarki. Abin yana ta kuka daga nesa, ke kina naki a nan. Indo tana cikin takaba har lokacin, ta dube ki ta ce, ga goshin Ya'u, shi kuma bai tsaya ya gani ba."

Ta ɗauki ƙwaryarta ta ci gaba.

Na juya maganar a raina. Ba wanda yake barin gidansa ya je kallon an sauke tsohon inji an ɗora sabo. Akaa ma da yake tura shi kullum bai san an yi ba. Gari ba ya watsewa sai don abin da bai taɓa gani ba.

"Kaka, me ya sa ba ki taɓa gaya mini wannan ba?"

"Wa ya tambaye ni? Kun tafi kuna tambayar ƙarfe."

Na kwantar da kaina a gwiwarta. Zanenta yana warin hayaƙi da man gyaɗa. Ta ɗora hannu ɗaya a kaina, tana ɓara da ɗayan.

Da la'asar na koma gida. Tun daga bakin layi na ga keken a jingine. Sun riga sun je bariki sun dawo, shi da kawunsa da Baffa. Na shiga ta ƙofar baya. Inna Jumai ta tare ni tana murmushi, ta ce in sa atamfar nan mai ruwan ganye. Ban sa ba.

Sai na ji muryar Baffa daga zaure.

"Ta Ya'u! Fito, ga baƙonki."

Na tsaya a tsakar gida. Sunan da na yi ta jira ne, ya dawo, kuma na san wa ya dawo da shi: wani guntun jan ƙarfe mai faɗin akwatin ashana.

Na fita da tsohon zanena. Baffa da kawun suka ba mu wuri. Babandi ya sa farar riga, ya riƙe keken da hannu biyu, ya kaɗa ƙararrawar a hankali, kamar mai neman izini.

"Innata ta ce a ci gaba da shiri. Komai ya wuce."

"Ka gaya mata na gode. Ka kuma gaya mata akwai wadda ta yanke cibiyata a Bukan Sidi, tana da rai, tana da baki. Ta je da ƙafarta ta tambaye ta. In ta dawo, sai a ci gaba da shiri."

"Haba Sailuba. Ga shaida kowa ya gani."

"Ba ƙarfe ya haife ni ba."

Ya dubi ƙasa, ya dubi ƙofar da Baffa ya shiga.

"Kin san halin Inna. In ta ƙi zuwa fa?"

"Sai ka samu amsar tambayar da na yi maka da safe. Ni ma in samu."

Na juya na shiga gida. Ban wuce ɗaki ba, na tsaya a bayan bangon zaure inda ba ya ganina, na jingina bayana. Hanyar gidansu dama ce in an fita. Hanyar Bukan Sidi hagu. Na ji ya ɗaga keken daga bango, na ji sarƙar ta motsa, sannan ta tsaya.